Yadda Na Ƙone Kifin Hajiya Sau Biyu

Ranakun aiki da yawa sun wuce ni kamar ruwan kogi, ban riƙe komai daga cikinsu ba. Amma ban taɓa mantawa da wata Litinin ta watan Afrilu ba, ranar da Shef Idi ya miƙo mini takardar aiki ta farko mai ɗauke da sunana ni kaɗai. Ku sababbin ƴan sitaj kun dame ni da tambayar dalilin da ya sa manya a atiliye suke kirana Madam Gawayi. Gara in ba ku labarin da bakina tun kafin Sani ya ba ku nasa, don shi a wurinsa kifin da na ƙone ya kusa cika mota.

Ga wanda bai san tsarinmu ba, atiliyenmu yana Zongo, aikinmu gyaran kayan lantarki. Shef ne a sama, sai teknisiyoyi irin su Sani, sai ƴan sitaj, wato masu wata uku na gwaji. In watannin suka cika, ko dai Shef ya sa hannu a ɗauke ka aiki, ko ya yi maka godiya mai kyau ya raka ka bakin ƙofa. Kowane aikin waje yana da takardarsa, wadda muke ce wa bon. A kanta ake rubuta sunan mai kaya da abin da ya lalace da abin da aka yi, a can ƙasa kuma akwai gurbin da mai kaya zai sa hannu in ya gamsu. Bon ɗin da ya dawo babu sa hannu, a wurin Shef ba a yi aikin ba.

Sitaj ɗina zai cika ranar Juma'ar wannan makon. Wata uku ke nan ina zaune a kusurwa ina naɗa wayar fanka, ina kallon hasken da ke shigowa ta ramukan kwano yana yawo a bango. Shef Idi Ba'adare ne, maganarsa kamar da cokali ake auna masa ita.

"Fasuma," ya ce, "Unguwar Banifandu. Injin banda. Ki dawo mini da wannan da hannun Hajiya a kansa. In ta sa nata, ni ma zan sa nawa a takardarki."

"In ba ta sa ba fa, Shef?"

"Sai mu riƙa gaisawa a hanya."

Hajiya Mariyama Bagobira ce daga wajen Maraɗi, sana'arta bandar kifi, tana kai wa gidajen abinci a unguwar Filato. Ƙanenta ne ya aiko mata da injin daga Turai. Kamanninsa kamar ƙaramin firigo baƙi. A ƙasa akwai lanƙwasasshen ƙarfe da ke yin ja in kuran, wato wutar lantarki, ya shiga, a kansa akwai ɗan faranti na dusar itace mai ba da hayaƙi, a sama kuma ragogi huɗu na jera kifi. Matsalarsa maɓallin zafin da ya zo da shi. Na auna na gani: ya haura digiri ɗari da goma, ya yanke, ya sauko har hamsin kafin ya tuna da aikinsa. Kifi ya fito gefe guda a bushe, gefe guda kamar yanzu aka tsamo shi daga kogi.

Mai kula da bandar shi ne Baba Hasumi, dattijo Bazabarme, ɗan masunta. Tun kafin a haife ni yake banda a rabin tano, wato ganga, da itace, ma'auninsa bayan hannunsa. Shi da Hajiya taubasai ne, kamar yadda Gobirawa da Zabarmawa suke, ba sa iya gaisawa ba tare da tsokana ba.

"Ga ɗan cin kopto nan," in ji Hajiya tana nuna mini shi. Kopto kwaɗon ganye ne na Zabarmawa. "Ki yi masa bayani a hankali, ganye ya cika masa kai."

"Fofo, ƴata," ya ce da ni. "Kar ki kula ta. Wanda ya yi mata zanen fuska ne ya zurfafa wuƙa, hankalin ya tsiyaye ta nan."

Maganin irin wannan inji sananne ne. Ana kawo akwatin daidaita zafi daga waje, wanda muke kira regilatar, a sa shi tsakanin bango da inji. Yana da ɗan tsinken ƙarfe a bakin doguwar waya, sond, wanda ake sakawa cikin injin ya riƙa jin zafi. In zafi ya gaza abin da aka sa masa, akwatin ya ba da kuran, wata ƴar jar fitila ta kama. In ya kai, ya yanke kuran, fitilar ta mutu. Haka zai yi ta yi har a gama. Tsohon maɓallin kuwa, don kada ya riƙa yanke kuran yana rikita sabon, na buɗe bayan injin na haɗe wayoyinsa biyu, na tsallake shi gaba ɗaya. Huda injin kuma ban so ba, sabo ne, fentinsa yana sheƙi. Sai na zura tsinken ta ramin fitar hayaƙi na sama, na bar shi yana lilo tsakanin ragogi. Na sa digiri saba'in da biyar.

Daga nan na tsaya yi wa Baba Hasumi bayani, kuma a nan ne halina ya fito.

"Baba," na ce, "wannan akwatin kamar uwa yake a bakin gadon ɗanta. Wannan tsinken shi ne tafin hannunta, tana ɗora shi a goshin yaron lokaci lokaci, tana sauraron jikinsa."

"To, madalla," ya ce.

Na kafa masa doka biyu. Kada ya taɓa maɓallan akwatin. Kada kuma ya buɗe ƙofar injin sai awa huɗu sun cika, ko me ya faru, don zafi zai gudu. Ya maimaita mini su ɗaya bayan ɗaya. Aka jera giwan ruwa huɗu, aka rufe. Na zauna awa guda ina kallon hayaƙi yana fita siriri, yana murɗawa kamar zare a hannun masaƙi, lambar tana tsaye a saba'in da biyar. Na yi sallama, na tafi ina jin kamar ni na ƙirƙiro kuran.

Talata da safe Hajiya ta kira.

"Ƴar Damagaram, zo ki ɗauki gawayinki."

Na tarar da giwan ruwa huɗu a kan tire, baƙaƙe ƙirin, bakunansu a buɗe kamar suna son su faɗi wanda ya yi musu haka. Na taɓa wutsiyar ɗaya, ta zube. Na duba komai bisa tsari, kamar yadda aka koya mana a lakkwal. Tsinke yana wurinsa. Wayoyi lafiya. Na kunna, akwatin ya kai saba'in da biyar ya tsaya cak, kamar ɗan kirkin da aka yi wa ƙage. Na zargi rele, wato abin da ke yanke kuran a cikin akwatin, don wani lokaci yakan manne ya ƙi saki. Na canza shi. Aka jera wasu huɗu. Wannan karon awa biyu na zauna, ban ga aibu ko ɗaya ba, na tafi.

Laraba da safe Hajiya ba ta ma kira ba. Hoton ta aiko.

A atiliye kuwa labari ya riga ni isa. Sani ya tare ni a ƙofa da murhun shayinsa a hannu.

"Madam Gawayi, a taimaka mana da tiya guda, shayinmu ya huce."

"Sani, ka rabu da ni."

"Ni dai na gane matsalar. Akwatin nan sonki yake. In kina nan ya nutsu, in kin tafi ya haukace. Ki kai shi gida ya gaida su Baba kawai."

Na yi dariya a fili, amma da na zauna a kusurwata sai na ga fankokin sun yi mini dishi-dishi. Kwana biyu suka rage. Na fara tunanin yadda zan koma Damagaram in gaya wa mahaifiyata cewa shekara uku na karatun lantarki sun ƙare a kan kifi. Shef Idi ya zo ya tsaya a kaina.

"Kin zauna har ƙarshe?"

"A'a, Shef. Amma na auna..."

"To," ya ce, ya wuce.

Ranar Alhamis na isa Banifandu da niyyar ba zan motsa ba. Hajiya ta ce giwan ruwa kam ta gama sadaka da shi, ta ba da tarwaɗa shida, ta ce su ne na ƙarshe. In suka ƙone, in kwashe akwatina da bon ɗina. Aka rufe ƙofa da sha biyun rana. Zafin Afrilu ya sauko tsakar gidan, har kajin Hajiya suka kwanta a gindin randa da bakuna a buɗe. Akwatin yana aikinsa lafiya lau. Baba Hasumi yana zaune a kan benci, idonsa a kan jar fitilar. Duk sanda ta mutu sai in ga ya ɗan yamutsa fuska, amma na ɗauka zafi ne ya dame shi.

Da azahar ta yi Hajiya ta kira ni ɗakinta in yi salla. Na ɗauki jakata na shiga. Shi Baba ya ɗauka tafiya na yi. Ina sallamewa na ji muryarsa ta taga, ƙasa ƙasa, kamar mai rarrashin jika. Na ɗaga labule.

Yana tsaye a gaban akwatin, fitilar a mace.

"Ka sake suma ke nan?" ya ce da shi. "Kala suru, kala suru, yi haƙuri. Wannan rana ba ta wasa ba ce."

Ya cire hularsa, ya kama wayar da ita, ya zaro tsinken daga ramin hayaƙi a hankali. Ya hura masa iska. Ya ɗebo ruwan randa a moɗa, ya tsoma shi ciki, ya ajiye moɗar a inuwa. Nan take lambar ta fara gangarowa, sittin, arba'in, talatin. Jar fitila ta kama. Baba ya yi murmushi, ya shafa kan akwatin.

"Yawwa. Ka ga ka farfaɗo."

Ku da kuka san aikin kun riga kun gane. Akwatin yana jin sanyin ruwan randa, ya ɗauka injin ne ya yi sanyi haka, sai ya saki kuran bai ƙara yankewa ba. Tsohon maɓallin da zai iya tsayar da shi kuwa, ni da hannuna na tsallake shi. A ciki wuta tana ta ci, a waje lamba tana cewa talatin.

Na fito da gudu ba takalmi, na zare filogin daga bango.

"Baba! Me ka yi?"

"Af, ba ki tafi ba?" Bai ko razana ba. "Taimakonsa nake, ƴata. Ba ki lura ba? Da zarar tsinken nan ya yi zafi, sai abin ya suma, fitila ta mutu, wuta ta tsaya. Ni kuwa tun ina yaro ban taɓa ganin an bar wuta ta mutu a tsakiyar banda ba. Ranar farko na taɓa shi, ya ƙone mini yatsa. Na ce wannan siririn abu, ko mutum ne aka rataye a cikin hayaƙin nan ai zai suma. Da na ba shi ruwa kuwa, bai ƙara suma ba har aka gama."

"Me ya sa ba ka gaya mini ba?"

"In gaya miki akwatinki rago ne, a gaban Bagobira? Ta kore ki? Shi ya sa in an gama nake goge shi in mayar da shi wurinsa. Maɓalli kuwa ban taɓa ba, kin hana."

"Amma Baba, ba ka ji ƙauri ba?"

"Na ji mana. Tun kafin awa huɗun su cika nake ji. Hancina bai mutu ba." Ya mayar da hularsa. "Kin ce awa huɗu, ko me ya faru. Ke ce mai takarda. Na zauna a nan ina jin kifi yana kirana, ina kallon agogo."

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Ina so in yi kuka, ina so in yi dariya. Mutumin da ya fi kowa sanin kifi a unguwar nan ya zauna kwana biyu yana shaƙar ƙaurin giwan ruwa takwas, saboda wata yarinya mai jakar kayan aiki ta ce kada ya buɗe ƙofa.

Hajiya ta fito ta tarar da mu haka, ga tsinke a moɗa. Da ta gane abin da ya faru sai ta riƙe ƙugu.

"Wato kai ne! Shayar da ƙarfe ruwa! Gobe sai ka dama masa fura. Wallahi Hasumi, yau za ka koma bakin kogi."

"Hajiya, ba laifinsa ba ne," na ce. "Nawa ne. Ban taɓa gaya masa cewa mutuwar fitilar ita ce aikin ba. Na tsaya ina ba shi labarin uwa da ɗa. Na bar tsinken yana lilo inda kowa zai iya zare shi. Na cire abin da zai yanke wuta in ta yi yawa, ban sa wani ba. Kuma na hana shi buɗe ƙofa."

Ina faɗa ina ganin bon ɗina yana tashi sama kamar hayaƙin. Hajiya ta dube ni, ta dubi Baba, ta dubi moɗar. Sai kafaɗunta suka fara rawa. Ta fashe da dariya har ta dafa bango, tana share ido da gefen mayafi.

"Kala suru!" take ta maimaitawa. "Ya ce wa akwati kala suru!"

"Ya fi ki jin magana," in ji Baba.

Da ta nutsu ta ce, "Dariya daban, sa hannu daban. Sai na ci kifi."

Tarwaɗar dai ba ta kai ga ƙonewa ba. Da yammacin nan na yi abin da ya kamata in yi tun Litinin. Na huda bayan injin, fenti ko ba fenti, na zura tsinken na ɗaure shi da ekuru, wato noti, yadda sai da kayan aiki za a cire shi. Na koma Zongo na ɗauko ɗan maɓallin tsaro wanda ke yanke kuran da kansa in zafi ya wuce digiri ɗari, ko akwatin ya yarda ko bai yarda ba, na ɗaura shi. Sannan na zauna kusa da Baba a kan benci, ba uwa ba ɗa.

"Baba, in fitila ta mutu, zafi ya isa ne. Hutawa yake, kamar yadda kake janye itace in wuta ta yi yawa. In ya ragu zai dawo da kansa."

"Janye itace yake?"

"Shi ke nan."

"To me ya hana ki faɗa haka tun farko?"

Dokar ƙofa kuma na soke ta. Na ce duk sanda hancinsa ya ce a buɗe, ya buɗe.

Juma'a da bakwai na safe Hajiya ta janye maganarta, ta fito da giwan ruwa biyu, tana miƙo su kamar mai ba da aron gwal. Bayan rabin awa Baba ya miƙe, ya kara bayan hannunsa a ramin hayaƙi, ya rufe ido.

"Ya yi masa yawa. Giwan ruwa ba ya son gaggawa, fatarsa za ta tsage. Rage."

A littafina saba'in da biyar aka rubuta. Na rage. Ya ce ƙara ragewa. A sittin da takwas ya ce, "Nan." A awa ta ƙarshe ya sa na ɗaga kaɗan don fata ta yi launi. Sau biyu ya buɗe ƙofa, ya juya kifin, ya danna shi da yatsa. Ni dai ina danna maɓalli ina rubuta abin da hannunsa ya faɗa.

Wajen sha ɗaya muka ji tsayuwar moto a ƙofar gida. Shef Idi ne da kansa, cikin babbar rigar Juma'a. Muka gaisa. Ya zagaya bayan injin, ya taɓa ekurun, ya tsuguna ya daɗe yana kallon maɓallin tsaron. Baba ya buɗe ƙofa. Kifin ya fito ja-ja kamar an shafa masa zuma, mai yana tsattsafowa daga fatarsa, ƙanshi ya cika gidan har maƙwabciya ta leƙo ta katanga.

Hajiya ta ɓalli gefe ta ci. Ta ƙara ɓalla. Ta miƙa hannu ba tare da ta dube ni ba, na sa mata bon da biro, ta sa hannu, yatsanta ya bar tambarin mai a takardar. Shef ya naɗe hannun riga ya zauna. Bai ɗago ba sai da ya cinye rabin kifi guda.

"Wa ya ce ki tsallake maɓallin farko ba ki sa na tsaro ba?"

"Ba kowa, Shef."

"Wa ya ce ki sa yanzu?"

"Giwan ruwa takwas, Shef."

Ya wanke hannu, ya zaro takardata daga aljihu, ya ɗora ta a kan sirdin moto ya sa hannu.

"Litinin, bakwai da rabi," ya ce. "Fanka ta ishe ki haka."

Abin da nake so ku riƙe, ku da za ku fara fita aikin waje, shi ne aikinmu ba ya ƙarewa a waya. Duk abin da kuka ɗaura, wani ne zai zauna da shi bayan kun tafi, kuma in ya ga kamar yana wahala zai taimake shi, da zuciya ɗaya, ta hanyar da ya sani. Ku ɗaure abin da bai kamata a cire ba. Kada ku cire mai tsaro sai kun sa wani. Ku yi bayani da kalmomin aikin mutumin, ba da naku ba. Kuma kafin ku kafa wa dattijo doka a kan sana'arsa, ku tuna zai iya bin ta fiye da yadda kuke so.

Watan jiya na bi ta Banifandu na leƙa. Injin yana aiki. Na tarar da Baba Hasumi a kan benci da mafici a hannu, yana yi wa akwatin fifita. Ya gan ni ya ɓoye maficin a bayansa. Na taɓa akwatin, na ji rele ɗin ya yi ɗumi, kuma gaskiya rele yana son iska. Na ce ya ci gaba.